Rasuwar Laraba, Kwamfutar da Aka Ɗora wa Laifin Rugage Ashirin da Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Usaini Tanko na unguwar Ƙofar Sauri, jami'in ƙididdiga a Shirin Garke Lafiya da ke nan birnin Katsina, yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa shiga ofishinsa neman takarda, rasuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da Laraba. Ta cika ranar Litinin da ta wuce, jim kaɗan bayan azahar, a shagon Lado mai gyaran rediyo da ke Ƙofar Kwaya. Shekararta biyar a bakin aiki, kuma a kan aikin ta rasu.

Mai makokin ya roƙi a karanta wannan sanarwa har ƙarshe, domin akwai maganar da aka yi a kan marigayiyar tana raye wadda ba gaskiya ba ce, kuma daga bakinsa ta fito.

Marigayiyar ta iso Katsina a zamanin soja, cikin kwalaye uku, wata ranar Laraba. Hajiya Furera, mai buga takardun ofis, ita ce ta raɗa mata suna, ita ce kuma ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa. Fara ce mai jiki, ko da yake daga baya farin ya koma ruwan ƙwai. Kowace safiya in an taɓa ta sai ta ce "tiit" sau ɗaya, sannan ta shiga "ƙirr, ƙirr, ƙirr" har na minti huɗu kafin ta buɗe ido. Baƙi kan ce tana da nawa. Malam Usaini kan ce minti huɗun nan daidai suke da gaisuwar mutum biyu masu mutunci: kafin shi da Hajiya Furera su gama tambayar kwana da gajiya da iyali da masu jiki, Laraba ta shirya.

Ba ta taɓa neman hutu ba. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki sai ta ce "fuu" ta yi shiru, in aka dawo da ita ta tashi ba tare da ta riƙe kowa a rai ba. Abin da aka ba ta shi take mayarwa, ba ƙari ba ragi, kuma wannan halin nata ne ya sa ta yi sauƙin zalunta.

Aikin Shirin Garke Lafiya shi ne yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu sau ɗaya a shekara. Laraba ke riƙe da sunayen garkunan, sama da dubu biyu. Yadda ta riƙe su kuwa kamar yadda dattijo ke riƙe asali ne: kowane suna ya san wanda ke samansa. Garke ya san mai unguwarsa, mai unguwa ya san dagacinsa, dagaci ya san hakiminsa, hakimi ya san ƙaramar hukumarsa. A ofis ana kiran wannan tsari bishiya. A zamanin soja bishiyar ta wadatar, don tambaya ɗaya ce ke saukowa daga sama: shanu nawa ne gaba ɗaya? Sai Laraba ta tattara daga rassa zuwa gindi ta ba da lamba guda, a buga, a sa a fayil, a wuce wurin.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, sai kowa ya sami bakin magana. Kansila ya shigo ya ce a nuna mashi na yankinsa. Ɗan majalisa ya aiko a ba shi na ƙaramar hukumarsa kaɗai. Dagatai ma suka fara zuwa da kansu. Kowace tambaya irin wannan sai Laraba ta bi bishiyar reshe-reshe, wani lokaci har rabin yini, mai tambaya na zaune yana kaɗa ƙafa. An kuma naɗa wa shirin sabon shugaba, Alhaji Babaji, tsohon ɗan kasuwar hatsi, mutum mai fara'a da gaggawa. Shi ne ya ce daga bana kowane dagaci a ba shi takardarsa a hannu, masu allura su bi takarda, don kada wani ya ce an yi son kai.

Nan ne Malam Usaini ya yi dabarar da ya yi wata uku yana alfahari da ita. Ya ce a kwantar da bishiyar. Kowane garke ya sami layinsa guda, a gabansa kuma gurabe huɗu a jere: na ƙaramar hukuma, na hakimi, na dagaci, na mai unguwa. In aka yi haka, sai tacewa kawai kamar da rariya. Ka zaɓi suna ɗaya a kowane mataki kake so, duk layin da ba nasa ba ya ɓuya, nasa su tsaya a gabanka. Dabarar mai kyau ce, har yau ma mai kyau ce. Mai makokin ba ya neman a zage ta.

Sai dai ba kowane reshe ne tsawonsa ya kai huɗu ba. Akwai rugage ashirin da uku da tun zamanin kakanni ba su da dagaci, ba su da mai unguwa. Arɗonsu kai tsaye yake zuwa gaban hakimi. A cikin bishiya wannan bai taɓa zama matsala ba. Da aka kwantar da ita, sai layukansu suka fito da gurabe biyu wayam. Maganin abin kuwa bai fi aikin awa guda ba: a rubuta sunan arɗon a guraben nan biyu, ya tsaya a matsayin dagacin kansa, don duk matakin da aka tace a same shi.

Hajiya Furera ta gani. Ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Malam, waɗanga da babu kowa a gabansu fa? In aka tace da sunan dagaci, wa zai ɗauko su?"

Ya ce, "Na gani, Hajiya. Bari baƙi su tahi, in dawo kansu."

Ranar ce Alhaji Babaji zai kawo manyan baƙi su ga sabon tsari, kuma Malam Usaini ya sa sabuwar shadda. Da ya zo adana aikin, marigayiyar ta ce "tiit, tiit" sau biyu, abin da ba ta saba ba, ta fito da ɗan akwati a fuskarta cewa layi ashirin da uku suna da gurbi babu komai, a ci gaba ko a tsaya? A tarihin zamansu wannan ne karo ɗaya da ta yi mashi gardama. Ya danna a ci gaba.

Baƙi suka zo. Alhaji Babaji ya faɗi sunan dagacin garin mahaifiyarsa, kafin ya rufe baki garkunan garin sun jeru a gabansa. Aka yi tafi. Ya dafa kafaɗar Malam Usaini ya ce, "Ashe injiniya gare mu a ofishin nan ba mu sani ba!" Daga ranar sunan Injiniya ya bi shi har masallacin unguwa. Bai koma kan layukan nan ba. Ba mantuwa ce ta gaba ɗaya ba, domin ya tuna da su sau biyu, sau biyun kuma ya ce gobe.

A farkon shekara ta dubu biyu aka buga wa kowane dagaci takardarsa, motocin allura suka bi takardu. Rugage ashirin da uku ba su fito a takardar kowa ba. Da aka gama zagaye, sai ga kwalaben allura sun dawo cikin sanduƙin ƙanƙara ba a taɓa su ba. Malam Usaini ya tsaya a kansu, ya kusa fahimtar abin da yake gani. Sai ya ɗauki biro ya rubuta "rara". A taron wata aka yaba wa ofis da iya tattali.

Da damina ta yi nisa, ciwon huhu ya shiga dajin.

A watan Agusta wani dattijo ya shigo ofis, rigarsa jiƙe da ruwan sama, sandarsa a hannu. Arɗo Gidaɗo ne, shugaban ɗaya daga rugagen nan. Ba baƙo ba ne ga Malam Usaini. Shekarar da aka fara ƙidaya, a gindin tsamiyar rugarsa Malam Usaini ya sha fura har ya kwance maɓallin wuya, kuma da matar Malam Usaini ta haihu kwanan baya, daga rugar aka aiko mata da man shanu cikin ƙwarya. Arɗo ya yi gaisuwa cikakkiya, bai tsallake kowa ba. Sannan ya ciro katunan allura huɗu daga aljihu, na shekaru huɗu, ya jera su a kan tebur a gaban Alhaji Babaji.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, na bana ne ban gani ba. Mun jira mota, mun ce ko sabuwar gwamnati ta sauya wata. Na aiko sau ɗaya, aka ce suna tahe. Shanu arba'in da ɗaya na rasa a garkena ni kaɗai. Ban zo faɗa ba. Na zo in ji ko wani laihi muka yi aka cire mu."

Alhaji Babaji ya juyo. Fara'ar nan duk ta tafi. Ya ce, "Injiniya, mi ya faru?"

A nan mai makokin yake roƙon mai karatu ya rage sauri. Tun kafin shekarar ta kama rediyo ta yi ta faɗa cewa in shekara ta dubu biyu ta shigo, kwamfutocin duniya za su rikice. Kowa ya ji, har masu tallan goro. Malam Usaini ya dubi katunan, ya dubi Arɗo, ya dubi Laraba da ke gefe tana "ƙirr, ƙirr" a hankali cikin mayafinta da aka ɗage. Ya ji bakinsa yana cewa, "Ranka shi daɗe, na'ura ce. Abin nan da aka yi ta faɗa na shekara dubu biyu, shi ya taɓa ta. Ta tsufa, ta zubar da wasu sunaye."

Hajiya Furera ta sunkuyar da kai tana kallon tafin hannunta. 

Arɗo ya ce a nuna mashi ita. Aka nuna mashi. Ya daɗe a tsaye a gabanta, ya jingina da sandarsa, kamar mai duba saniyar da za a saya. Sannan ya ce, "To, ai shi ke nan. Wagga ba ta san mu ba, ba ta taɓa zuwa rugarmu ba. Da mutum ne da abin ya yi mani ciwo." Ya tattara katunansa, ya yi wa Malam Usaini godiya a kan bayani, ya ce a gaida mai jego da yarinya, ya fita cikin ruwan.

A ranar aka yanke wa marigayiyar hukunci. Aka kwashe ta zuwa sito a bayan ofis, aka ajiye ta tsakanin karyayyun kujeru, daidai inda kwano ke yoyo. Wata biyar ta yi a can. Famfon alwala yana kusa da ƙofar siton, sai Malam Usaini ya koma yin alwala da buta a gaban ofis, ya ce famfon baya ba shi da ƙarfi. Hajiya Furera ba ta fasa gaishe shi ba, amma gaisuwar ta tsaya a "ina kwana". Ba gajiya, ba iyali. Duk Bakatsine ya san nauyin wannan. A gida ya rage cin abinci, in aka kira shi Injiniya a hanya sai ya yi kamar da wani ake.

Aka kawo sabuwar kwamfuta, mai sauri, wadda ba wanda ya raɗa wa suna. Mutanen kamfanin da suka kawo ta suka kwashe shimfiɗaɗɗen jerin zuwa cikinta, suka ga layuka masu gurbi wayam, suka ce datti ne, suka share. Bishiyar kuwa ba wanda ya tambaye ta.

A farkon watan nan aka fara shirin allurar bana. Malam Usaini ya rubuta sunan Gidaɗo a sabuwar na'ura don ya gyara abin a ɓoye, ba tare da kowa ya sani ba. Ta ce babu. Ya sake rubutawa, ta ce babu. Ya zauna yana kallon gilashi. Sunan Arɗo Gidaɗo ya sani da ka, da wasu uku ko huɗu, amma ashirin da uku ba sa cikin kansa. Hajiya Furera na bayansa tana jera takardu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bana ma rara za a samu, Malam?"

Ya tashi ya karɓo makullin sito.

Ya ɗaure ta a bayan mashin ɗinsa da igiyar roba ya kai wa Lado. Lado ya kwance murfin, ya ga tsatsa, ya ga sheƙar ɓera, ya ce, "Malam, wannan ai gawa ka kawo mani." Malam Usaini ya ce ko minti goma ne a samo mashi. Kwana uku Lado yana goge ta da burushi, yana hura mata iska, yana sauya mata wayoyi da na tsohuwar talabijin. Ranar Litinin ya aika a zo. Hajiya Furera ta ce za ta bi, ba tare da an roƙe ta ba.

Lado ya haɗa wuta. Shiru. Can sai "tiit", sau ɗaya, a shaƙe. Malam Usaini ya juya fuska bango na ɗan lokaci. Ta yi ta "ƙirr, ƙirr" har kusan minti goma, sannan ta buɗe ido, ga bishiyar nan cif, ba reshen da ya ɓace. Ba ta zubar da ko suna ɗaya ba. Ramin faifanta ya mutu, firinta kuma tana can ofis ba ta jin kiranta, don haka Hajiya Furera ta riƙa karantowa, shi yana rubutawa da hannu a littafin makaranta. Hajiya na gama faɗin suna na goma sha tara sai marigayiyar ta ce "ƙas, ƙas, ƙas". Ƙauri ya tashi. Fuskarta ta yi baƙi. Lado ya zare waya, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Sai haƙuri."

Saura suna huɗu, kuma mutum ɗaya ne ya san su. Washegari da hantsi Malam Usaini ya hau mashin ya tafi rugar Arɗo Gidaɗo. Ya same shi a gindin tsamiya, garken da ya saura bai cika inuwarta ba. Bayan gaisuwa ya cire takalmi ya durƙusa, ya faɗi komai: guraben, maganar Hajiya, gargaɗin na'ura, kwalaben da suka dawo, da ƙaryar da ya yi a gabansa.

Arɗo ya ce, "Wata biyar ina gaya ma mutanena ba laihin kowa ba ne, su bar zargin mutanen birni. Har faɗa na yi da ƙanena a kanka. Yanzu in koma in ce masu mi?"

Malam Usaini ya ce, "Ka ce masu ni ne, Arɗo. In ka yarda in faɗa masu da bakina."

"Za ka faɗa," in ji Arɗo. "Buɗe littahinka."

Ya ba shi suna uku, Malam Usaini ya rubuta. A na huɗu Arɗo ya ɗaga hannu. "Rugar Yari kada ka wahalar da biro. Ba saniya ko ɗaya. Ya sallami iyalinsa gidan surukai, an ce yana gadi a Kano." Aka kawo wa baƙo ruwa ya sha. Ba a ce an yafe ba, shi ma bai tambaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon rubutu guda mai ɓataccen harafi, da linzami wanda ƙwallonsa ke maƙalewa, da firinta, abokiyar zamanta, wadda yanzu ke hidimar sabuwar na'ura ba da son ranta ba. Ta bar faya-fayai talatin da ɗaya, da mayafin atamfa, da Hajiya Furera wadda ta yi mata adalci a zuci. Ta kuma bar Malam Usaini Tanko, wanda ke roƙon daga yau a daina kiransa Injiniya.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce ƙarfe ba a yi mashi salla, kuma kada ya ji an yi. Saboda haka ga yadda aka tsara. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, mai makokin zai karanta wannan sanarwa a tsaye a gaban Alhaji Babaji da dukkan ma'aikata, ya miƙa takardar amsa laifi, ya jira abin da kwamitin shirin zai yanke a kansa. Bayan la'asar Lado zai cire abin da zai amfani wata na'urar daga jikinta, sauran a naɗe a mayafinta a kai gidan mai makokin a Ƙofar Sauri, inda aka share mata wuri a ɗakin da ba ya yoyo. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ce ai dama ta tsufa. An riga an faɗi wannan sau ɗaya, ya isa.

Ba za a yi zaman kwana uku ba, domin ranar Asabar da sassafe mai makokin zai bi motar allura zuwa rugage ashirin da biyu, in an bar shi a matsayin ma'aikaci, in ba a bar shi ba a matsayin mai riƙe igiya. Wanda ya zo bai same shi ba ya yi haƙuri. Wanda kuma ya san gidan da Yari ke gadi a Kano, don Allah ya bar kwatance wajen Hajiya Furera. Akwai maganar da ba a aika ta a takarda.